AN KASHE MAKUNNI, AMMA WUTA NA NAN: HATTARA DA CANJIN AMPUL



Bara da damina na kai ziyara Filinge, na sauka gidan wani ƙanen mahaifina. Ran nan bayan magariba ampul ɗin zaure ya mutu. Maigida ya kira ɗansa, yaro ɗan shekara 14, ya ce masa: «Kai, kashe makunni ka hau ka canza muna shi.» Yaro ya yi yadda aka ce. Ya danna makunni, ya jawo tano na ƙarfe ya hau, ƙafarsa babu takalmi, ƙasa kuwa da sauran danshin ruwan da aka yi da la'asar. Yana kama gindin ampul sai muka ji ƙara, muka ga yaro ƙasa. Allah ya taƙaita abin: faɗuwar da ya yi ita ta raba shi da wutar, amma ya samu karaya a wuyan hannu, ya yi makonni bai riƙe alƙalami ba.

Washegari aka kira mai gyaran kuran. Ya kashe makunni gabanmu, ya sa ɗan turnabis ɗinsa mai fitila cikin mariƙin ampul, sai fitilar ta kama. Ya dubi maigida ya ce: «Baba, makunnin nan ba bisa wayar wuta aka ɗaura shi ba.» Shekara da shekaru gidan na kunna wannan ampul yana kashewa, ba wanda ya san akwai kuskure cikin bango. Yaro bai yi ganganci ba, uba bai yi sakaci ba. Abin da aka koya musu shi suka yi, sai dai koyarwar ba ta cika ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

WAYA TA ISO, SANI BAI ISO BA

An kafa kamfanin NIGELEC a shekarar 1968. A 1976 aka gama jawo babbar waya mai bolt 132.000 daga madatsar ruwa ta Kainji, ta bi ta Birnin Kebbi ta iso Yamai. A 1981 ma'aikatar SONICHAR ta fara samar da wuta da gawayin ƙasa a Anu Araren. Daga baya aka buɗe tashar Goru Banda a 2017, da tashar hasken rana ta Malbaza a 2018, da wata ta hasken rana mai megawat 30 a Goru Banda a 2023. Tun 2013 kuma akwai hukumar ANPER wadda aka ɗora ma nauyin kai wuta karkara. Duk da haka, har yanzu wajen mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da wutar lantarki a ƙasarmu.

Ma'anar wannan ita ce, a ƙasar Kurfai da kewayenta, daga Filinge mai nisan kilomita wajen 180 daga Yamai zuwa Shikal, Tukunus, Bonkuku da Damana, gidaje da yawa masu ampul yau, iyayensu fitilar kananzir suka sani. Wanda ya tashi da fitilar kananzir ya san in harshen wuta ya mutu, wuta ta mutu. Wannan sanin gaskiya ne ga kananzir, amma ga kuran ba haka abin yake ba.

Ƙari bisa haka, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take aiko muna, daga watan Agusta na 2023 zuwa watan Maris na 2024, mutane da dama sun koma ga gurup da farantan hasken rana. An ƙara wayoyi cikin gidaje da gaggawa, sau da yawa da hannun wanda bai koyi aikin ba.

WAYA BIYU, AIKI BIYU

Wutar da ke shiga gidajenmu mai bolt 220 ce. Waya biyu ke kawo ta. Ta fari ita ce wayar wuta, masu sana'a na ce mata «faz». Ita ke ɗauke da ƙarfin. Ta biyu ita ce wayar komawa, suna ce mata «nitir». Ta nan kuran ke komawa bayan ya yi aikinsa. Can wajen taransifoma an haɗa wayar komawa da ƙasa. Saboda haka ƙasar da muke takawa ita ma hanya ce da kuran zai iya bi ya koma inda ya fito. Wanda ya taɓa wayar wuta yana tsaye bisa ƙasa, ya zama gada tsakanin wayar da ƙasa. Tsuntsun da ya sauka bisa waya guda ba ya jin komi, domin bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa waya ta biyu ba.

Aikin makunni shi ne yanke hanya. To, wace waya zai yanke? Ƙa'ida ta ce wayar wuta. Ku ɗauki misalin ruwan shato. In an sa famfo kafin ruwa ya shigo gida, aka rufe, bututun gida ya zama fanko, kowa na iya kwance shi. In kuwa can ƙarshen bututu aka toshe, ruwa ya daina gudu, amma bututun cike yake, wanda ya kwance shi zai jiƙe. Haka makunnin da aka ɗaura bisa wayar komawa: ampul ya mutu don kuran ya daina gudu, amma bolt 220 na nan kwance cikin mariƙi, suna jiran hannun da zai ba su hanya zuwa ƙasa.

Abin da ya sa kuskuren ke ɓoyuwa shi ne, ampul bai damu da ta wace waya wuta ta shigo masa ba. Kuran ɗin gidajenmu yana kai da komowa sau 50 cikin sakan guda. Ko an ɗaura daidai ko an juya, ampul zai kama, makunni zai kashe shi. Mai aiki ya gwada, ya ga haske, ya amshi kuɗinsa ya tafi.

IRIN MARIƘI DA HAƊARIN KOWANE

Mariƙin ampul, wanda ake kira «duyi», iri biyu muka fi sani a kasuwanninmu.

Akwai mai murɗi, wanda ake juya ampul kamar ana ɗaure kwalba. A jikin kwalinsa za ku ga an rubuta E27. Harafin E na tuna sunan Edison, Ba'amurken da ya fito da ƙwan lantarkinsa a 1879, lamba 27 kuwa faɗin gindin ne da milimita. Cikin wannan mariƙi akwai ɗan harshen ƙarfe can ƙurya, da zoben ƙarfe mai murɗi a gefe. Ƙa'ida ta ce wayar wuta ta tafi ga harshen ƙurya, inda yatsa ba ya kai da sauƙi, wayar komawa ta tafi ga zobe. In aka juya, zoben ne ke ɗauke da wuta. Mai kwance ampul yana juyawa, gindin ƙarfen ampul yana fitowa fili alhali har yanzu yana manne da zobe. Nan ne yatsu ke zamewa su taɓa shi.

Akwai kuma mai kunnuwa biyu, wanda ake dannawa a ɗan juya. Shi ne B22, wanda aka daɗe ana aiki da shi a Faransa da Ingila. Cikinsa akwai ƴan ƙusoshi biyu masu sifirin. Da an cire ampul, ƙusoshin na nan a fili, kuma in makunni na bisa wayar komawa, ɗayansu na da wuta dare da rana. Wanda ya sa yatsa don ya gyara ƙusar da ta maƙale, ko ya share gidan zanzaro, ya gamu da ita. Tsofaffin mariƙai na farin ƙarfe ko na tagulla sun fi haɗari, domin in bawon waya ya ci daga ciki, jikin mariƙin gaba ɗaya ke ɗaukar wuta.

Ko a gidan da aka ɗaura makunni daidai akwai wani tarko. In ampul ya mutu, mi zai gaya maka makunni a kashe yake ko a kunne? Wasu makunnai an kafa su a juye. Wasu ɗakuna kuma makunni biyu ke kunna ampul guda, ɗaya bakin ƙofa, ɗaya ciki, ba a gane kashe da kunne ta wurin duban su.

DAGA INA KUSKUREN KE FITOWA?

Ƙa'idar aikin lantarki ta Faransa, mai lamba NF C 15-100, wadda masu sana'armu ke koyo da ita, ta raba launin wayoyi. Shuɗiya ita ce wayar komawa. Mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Wayar wuta kuwa ja ce galibi, ko baƙa, ko mai ruwan ƙasa. Amma maigida da ya sayo naɗi guda na waya ran kasuwa don ya rage tsada, ya sa an ɗaure gida duka da launi ɗaya, ya rufe ma kowa ido, har mai gyaran da zai zo bayan shekara goma.

Hanya ta biyu ita ce ƙari. An gina sabon ɗaki don amarya, an jawo waya daga ɗakin uwargida, ƙanen maigida ya haɗa da kansa. Ko maƙwabci ya jawo daga maƙwabci, waya ta bi ta bisa danga da rufin kwano.

Hanya ta uku ta fi ban tsoro. In wani ya yi gyara kusa da kwantar ya musanya wayoyin biyu, dukan makunnan gida sun koma bisa wayar komawa rana guda, ko da tun farko an ɗaura su daidai.

A tuna kuma: aikin NIGELEC yana tsayawa ga kwantar. Abin da ke bayan kwantar, cikin gida ko ofis, nauyinsa na wuyan mai gida ko mai ofis.

ABIN DA KURAN KE YI MA JIKI

Ana auna yawan kuran da ke gudu da ampar. In an raba ampar guda kashi 1000, kowane kashi sunansa miliyampar. Mutum na fara jin tsirawa tun wajen miliyampar 1. In ya kai wajen 10, naman hannu na ƙanƙancewa, mutum na so ya saki amma hannu ya ƙi. Wajen 30, in abin ya ɗan jima, numfashi na iya tsayawa. Daga 50 zuwa sama zuciya na iya rikicewa, ta yi ta karkarwa ba ta tura jini.

Jikin mutum, daga hannu zuwa ƙafa, yana tare kuran da ƙarfin da ya kai wajen om 1000 zuwa 2000. Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, ga lissafi: a raba bolt 220 da om 2000, a samu miliyampar 110. A raba da om 1000, a samu 220. Ko wanne aka ɗauka, ya wuce abin da zuciya ke iya ɗauka nesa ba kusa ba.

To mi ya sa wani kuran ya ja shi ya tashi yana dariya, wani kuwa ya mutu? Bambancin na ga abin da ke tsakanin mutum da ƙasa, da bushewar fata, da tsawon lokacin da ya yi manne. Busasshen takalmin roba bisa busasshen benci na icce yana tare mafi yawan kuran. Ƙafa babu takalmi bisa jiƙaƙƙen siminti ba ta tare komi. Zufar watan Afrilu da Mayu, da danshin damina daga Yuni zuwa Satumba, da ruwan alwala da bai bushe ba, duka suna buɗe ma kuran ƙofa. A ƙasar Dallol Boso, inda a wurare da dama ruwa ba shi da nisa ƙarƙashin rairayi, daɓen ɗaki na riƙe sanyi ko bayan ruwa ya ɗauke. Wanda ya ce «ni kuran ya saba da ni», sa'a ya yi ta samu, kuma ba kullum ake kwana a gado ba.

Kada a manta da faɗuwa. Ko kuran bai kashe ba, wanda ya fizge daga bisa tano ko tsani na iya karya hannu, ko baya, ko ya fasa kai.

ALAMUN DA KE NUNA AKWAI KUSKURE

In kun kashe makunni da dare kuka ga ampul irin na yanzu, wanda ake kira LED, yana ɗan haske dishi-dishi, ko dogon niyon yana ƙyaftawa jefi-jefi, ku yi zargin makunni na bisa wayar komawa. Akwai wasu dalilai da ke kawo haka, amma wannan ya isa a kira mai sana'a. In kuna jin tsirawa in kun taɓa ƙofar ƙarfe, ko kwanon rufi, ko ƙarfen da aka rataye ampul, kada ku jira gobe. In mariƙi ya yi baƙi, ko ya tsage, ko yana warin ƙuna, a canza shi.

Gwajin ba shi da wuya ga wanda ya iya. Ya kashe makunni, ya cire ampul, ya auna cikin mariƙi. Turnabis mai fitila na taimako, amma haskensa ba ya bayyana sosai cikin rana, kuma yana lalacewa. Mai hankali yana fara gwada shi cikin piriz da ya san akwai wuta, kafin ya amince da shirunsa. Gyaran kansa ɗan aiki ne: musanya waya biyu a inda suka dace.

YADDA ZA A CANZA AMPUL LAFIYA

1. A kashe babban dizanktar da ke kusa da kwantar, ba makunni kaɗai ba. Shi ne ke yanke wayoyin biyu gaba ɗaya. A gaya ma mutanen gida kada wani ya tada shi.

2. In gidan na da gurup, ko batir mai na'urar da ke maida bolt 12 zuwa 220, a kashe su su ma. Wutar da ta fito daga na'urar nan tana kisa kamar ta NIGELEC.

3. Kada a ce an ɗauke wuta, bari in yi sauri. Wuta ba ta sallama in za ta dawo.

4. In fitilar tebur ce mai igiya, a zare ta daga piriz. Kan igiyarta na shiga ta kowane gefe, don haka ba a sanin wace waya makunninta ke yankewa.

5. A bushe hannu, a sa takalmin roba busasshe, a hau benci ko tsani na icce, wani babba ya riƙe. Ban da tano, ban da kujerar ƙarfe.

6. A jira ampul ya huce. Kada a kama shi da jiƙaƙƙen tsumma don zafi.

7. A riƙe ampul ta wajen gilashi ko roba, yatsu nesa da gindin ƙarfe.

8. In gilashi ya fashe gindi ya maƙale, kada a sa fensa sai an tabbata dizanktar a kashe yake. Ampul mai naɗaɗɗen gilashi yana da ɗan zaiba ciki, in ya fashe a buɗe taga, a kwashe da takarda, a nisanta yara.

9. A yi aikin da rana. Kuma kada a aiki yaro.

Mai hali ya sa a ɗaura masa na'urar da ake kira «difaransiyal» mai miliyampar 30. Ita tana auna kuran da ya fita da wanda ya dawo, in ta ga wani ya ɓace ta hanyar ƙasa, ko ta jikin mutum, sai ta yanke wuta kafin ƙyaftawar ido. Babban dizanktar na kwantar ba ya maye gurbinta, domin da yawa daga cikinsu sai kuran da ya ɓace ya kai ɗaruruwan miliyampar suke faɗuwa. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci.

IN ABIN YA AUKU

Kada ka kama wanda kuran ya riƙe, ku zama biyu. Ka ruga ka kashe dizanktar. In ya yi nisa, ka ture hannunsa ko wayar da busasshiyar sanda, ko taɓarya, ko ƙotar hauya, kana tsaye bisa busasshen wuri. In ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi bisa gefensa. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine bisa ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 cikin minti guda, ba tsayawa, wani kuma ya nemi mota ko ya kira lamba 18 ta sojojin kashe gobara. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da ƴan mintoci kaɗan. Saboda haka kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa nono ko binne shi cikin rairayi. Kuran ba ya zama cikin jiki balle a fitar da shi, kuma ɗura ma sumamme abin sha na iya shaƙe shi.

Ko mutum ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita mafi kusa ko babbar likitar Filinge, musamman in ya suma, ko yana jin ciwon ƙirji, ko ya ƙone, ko mace ce mai ciki. Ƙunar kuran ƙarama ce a fata, amma tana iya yin zurfi a ciki.

KIRA GA MAHUKUNTA DA MALAMAI

Ya ku shugabannin ofisoshi, da diraktocin lakwal, da manyan likitoci, da masu kula da masallatai: wa ke canza ampul a wurarenku? Gardi ne, ko pulanto, ko ladan, ko ɗan lakwal mafi tsawo a aji. Su ne ke hawa, kuma su ne ba a taɓa yi ma bayani ba. Ku sa mai sana'a ya bi mariƙan gininku ɗaya bayan ɗaya, makunni a kashe, ya auna. Ku nuna ma kowane ma'aikaci inda dizanktar yake, kada a kulle shi cikin ɗakin da mabuɗinsa ke aljihun wanda ya tafi Yamai. In za ku amshi sabon gini daga hannun ɗan kwangila, kamawar ampul ba ta isa shaida ba: a auna gabanku, a dubi launin wayoyi, kafin ku sa hannu.

Magadan gari su san masu gyaran da suka yi karatun sana'ar, a cibiyoyin koyon sana'a ko a makarantu irin lise teknik Ɗan Kasawa ta Maradi, su sanar da jama'a. Malaman yaƙi da jahilci kuma su karanta wannan shafi cikin aji, su zana waya biyu da makunni bisa allo, sau ɗaya daidai, sau ɗaya a juye, su bar ɗalibai su gano bambancin da kansu.

Gidan da na ba ku labarinsa, an auna mariƙai 7, an samu 3 a juye. Mai gyara bai kai azahar ba ya gama. Hannun yaro ya warke, ya koma lakwal. Yanzu in ampul ya mutu, maigida da kansa ke zuwa ya kashe dizanktar kafin kowa ya jawo benci.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, amin.